Wace manhaja ce ta dace da koyar da tsarin kiristal a ajin kemistiri?

Tambaya: Ni malamin kemistiri ne a makarantar sakandare, ina kuma yi wa wasu ɗaliban kwalejin ilimi bita a ƙarshen mako. Duk sanda muka zo babin tsarin gishiri da daimon da girafait, sai in zana a allo su kwafa, amma na san ba su gane ba. Laftof ɗaya gare ni, babu majigi, wuta kuma sai ta ga dama. Wace manhaja zan nema?

Amsa: Malam, sa VESTA a laftof ɗinka, ɗalibai masu waya kuma ka tura su shafin ChemTube3D. Duka biyun ba za ka biya ko sisi ba. Amma kafin ka sauke komai, bari mu duba inda ciwon yake, don na sha ganin malami ya buɗe manhaja mai kyau, ya jujjuya ƙwallaye masu launi na minti goma, yara suka yi ta "kai!", aka tashi ba a ƙaru da komai ba.

Ɗauki zanen gishirin da ke cikin littafinku. Akwati ne mai gefe daidai, kamar dunƙulen magi, da ƙwallaye 27 a cikinsa. Ka ce ɗalibi ya ƙirga. Zai samu 14 na kulorin da 13 na sodiyam, ko akasin haka idan mai littafin ya fara da sodiyam a kusurwa. Sai kai kuma ka rubuta NaCl, ka ce ɗaya da ɗaya ne. Yaro mai hankali ya riga ya ga lissafin bai fita ba, kunya ce kawai ta hana shi magana. Abin da zanen ya ɓoye masa shi ne, akwatin nan ba wani abu ne da ke zaune shi kaɗai ba. Yanki ne muka shata da kanmu daga cikin wani jeri da ke ta maimaita kansa gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. A ƙwayar gishiri guda mai faɗin rabin milimita, irin waɗannan akwatuna kusan 900,000 ne jere a gefe ɗaya kawai. Ƙwallon da ke kusurwa ba na akwati ɗaya ba ne. Kamar bishiya ce da ta fito a mahaɗar iyakar gonaki huɗu, kowane mai gona rubu'inta ne nasa. A kiristal kuwa akwai huɗu a sama da huɗu a ƙasa, don haka kashi ɗaya cikin takwas ne rabon kowa. Na kan fuska kamar katanga ce tsakanin gida biyu, rabi-rabi. Na kan gefe kashi huɗu ake yi masa. Idan aka bi haka, kusurwa 8 sun ba da 1, fuska 6 sun ba da 3, kulorin ya zama 4. Gefe 12 sun ba da 3, na tsakiya 1, sodiyam ma 4. Ɗaya da ɗaya ya fito.

Wannan rabon shi ne abin da allo ba ya iya nunawa, kuma shi ne dalilin farko na neman manhaja. Duk manhajar da ba za ta bar ka ka ƙara akwatuna a gefen na farko ba, ka rabu da ita.

Abu na biyu da ke rikita ɗalibai, har da na jami'a, shi ne bambanci tsakanin raga da abin da aka ɗora mata. Ni da atamfa nake bayaninsa. Shimfiɗa turmin atamfa a kan tebur, ka sa alli ka ɗiga alama a daidai wuri ɗaya na kowace fulawa. Ɗigon nan su ne ragar, wato latis. Fulawar kuma ita ce abin da ake maimaitawa. Atamfa biyu na iya zama da raga iri ɗaya, ɗaya da fulawa, ɗaya da tsuntsu. Haka jan ƙarfe da gishiri da daimon duk raga ɗaya gare su, wadda littattafai ke taƙaitawa da FCC, mai ɗigo a kusurwoyi da tsakiyar kowace fuska. A jan ƙarfe atam ɗaya ake ɗora wa kowane ɗigo, a gishiri sodiyam da kulorin, a daimon kabon biyu. Masanin Faransa Auguste Bravais ya nuna tun 1848 cewa ragogin da za su yiwu guda 14 ne kacal, duk yawan ma'adanai da sinadaran duniya.

To, VESTA. Wasu masana biyu na ƙasar Japan ne suka rubuta ta, Koichi Momma da Fujio Izumi, kyauta ce ga mai koyarwa da mai bincike, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Abin da ya sa na fifita ta gare ka shi ne ba ta buƙatar intanet bayan ka sauke ta, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Abincinta fayil ne da ake kira CIF, tsarin rubuta bayanan kiristal da ƙungiyar masana fannin ta duniya ta fito da shi a 1991. Fayil ɗin ɗan ƙarami ne, rubutu zalla, ba ya cin data. Za ka same su kyauta a rumbun Crystallography Open Database, wanda aka fara a 2003 kuma ya haura tsari dubu 500, ko a American Mineralogist Crystal Structure Database idan ma'adanai kake nema. Ka zauna rana ɗaya inda akwai sabis ka kwashi goma ko goma sha biyu, sun ishe ka shekara.

Amma gishiri kam, kada ka sauke shi. Gina shi da hannunka a gaban ɗalibai. Shiga File, ka zaɓi New Structure, ka sa lambar rukunin tsari 225, tsawon gefe 5.64, sannan sodiyam a 0, 0, 0, kulorin a 0.5, 0.5, 0.5. Atam biyu kawai ka shigar, amma da ka danna sai ƙwallaye 27 su bayyana. Mamakin da yara ke yi a nan yana da amfani, don sun gani da idonsu cewa sauran duka maimaici ne. Ma'aunin da ake amfani da shi angistirom ne, mai alamar Å, kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita.

Daga nan sai ka danna Boundary ka mai da iyakar daga 1 zuwa 2 a kowane ɓangare. Akwati takwas za su fito manne da juna. Yanzu ka ba ɗalibi linzamin kwamfutar, ka ce ya nemo ƙwallon da ke tsakiyar tarin, ya faɗi akwati nawa ne suka haɗu a kansa. Kada ka faɗa masa. Zai juya, ya ɓata, ya sake juyawa, ya ce shida, wani daga baya ya ce ƙarya ne. Bar su su yi gardamar. Wanda ya ƙirga takwas da kansa ba zai sake haddace "ɗaya bisa takwas" kamar karatun aku ba. Haka za ka yi da tambayar maƙwabta: kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane kulorin sodiyam shida. A zanen littafi, na kusurwa uku kawai ake gani a jikinsa, shi ya sa amsar "uku" ke yawan fitowa a takardar jarrabawa.

Idan sun yarda da huɗu da huɗu, ka rufe laftof ɗin a yi lissafi a takarda. Nauyin mol ɗaya na gishiri giram 58.44 ne. A ninka da 4, a raba da lambar Avogadro, a sake rabawa da girman akwatin, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, kowanne 5.64 Å, bayan an mai da su santimita. Za a samu kusan 2.16, kuma densitin gishiri da ake aunawa a ɗakin gwaji ke nan. A ganina babu lissafin da ya kai wannan daɗi a duk babin, domin shi ne ke haɗa hoton da ba a iya gani da abin da sikeli ke nunawa. Wanda ya yi kuskure ya sa 14 ko 13 a maimakon 4 zai samu gishirin da ya kusa baƙin ƙarfe nauyi, shi da kansa zai san akwai matsala. Jan ƙarfe ma haka: atam 4, gefe 3.61 Å, amsa kusan 9.0.

Ga wani tarko da manhaja ke taimakawa wajen kauce masa. Siziyam kulorayid, CsCl, yana da kulorin a kusurwoyi takwas da siziyam a tsakiya. Ɗalibai da yawa, har da wasu takardun bita da ake sayarwa, suna kiransa BCC, wato raga mai ɗigo a kusurwoyi da tsakiyar akwati, irin tsarin baƙin ƙarfe. Ba haka ba ne. A baƙin ƙarfe na tsakiya da na kusurwa abu ɗaya ne, a nan kuwa daban suke, don haka ragarsa mai sauƙin nan ce, mai ɗigo a kusurwa kawai. Buɗe su biyun gefe da gefe, launin kaɗai ya isa ya nuna bambancin.

Akwai wurin da nake hana kaina fara buɗe kwamfuta, shi ne babin cunkushewar atam a ƙarafa. An ce gani ya kori ji, amma a nan taɓawa ta fi gani. Mai kasa lemo a bakin titi ya san wannan darasin ba tare da ya shiga aji ba: ya jera na ƙasa, sannan ya ɗora na sama a cikin ramukan da ke tsakaninsu. Ka kawo lemo, ko ka sa yara su mulmula yumɓu ƙwallo-ƙwallo masu girma ɗaya su bushe. A jera layi na farko a matse, kowane ƙwallo shida na taɓa shi. A ɗora na biyu a ramuka. Wajen na uku ne hanya ta rabu biyu. Ko dai ya zauna daidai saman na farko, a samu ABAB, tsarin magniziyam da tutiya, ko ya zauna a ɗaya rukunin ramukan, a samu ABCABC, tsarin jan ƙarfe da zinariya da azurfa da alminiyam. Duka biyun kashi 74 cikin ɗari na wuri suke cikawa, kowane atam da maƙwabta 12. Baƙin ƙarfe a yanayin zafin ɗaki kashi 68 yake cikawa da maƙwabta 8, sai an gasa shi ya wuce digiri 912 sannan ya koma FCC. Johannes Kepler ya yi hasashe tun 1611 cewa ba a iya cunkusa ƙwallaye fiye da yadda mai lemo ke yi, amma sai 1998 Thomas Hales ya kawo hujjar lissafi, shi ma da taimakon kwamfuta.

Bayan an taɓa da hannu ne manhaja ke shigowa, don ta warware abu ɗaya da yumɓu ba ya iya nunawa da sauƙi. Ɗalibi zai ce, "Malam, ka ce ABCABC shi ne FCC, amma ni ban ga akwati a tarin lemon nan ba." Gaskiyarsa. Buɗe jan ƙarfe a VESTA, ka ƙara akwatuna, ka mai da salon zuwa Space-filling, sannan ka juya har kana kallon akwatin ta kusurwa, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can nesa da ita ta ciki. Layukan lemon za su fito fili. Idan kana so ka ƙara fito da su, a Lattice Planes ka sa 1, 1, 1. Ni kaina sai da na kai shekarar ƙarshe a jami'a kafin wannan ya zauna mini, kuma da ƙwallayen roba na gane shi, don lokacin ba mu da irin waɗannan kayan.

Daimon da girafait suna fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma a nan abin aunawa na manhajar ne zai yi maka aiki. Ka sa ɗalibi ya danna kabon biyu maƙwabta a daimon, zai ga 1.54 Å, ko ta ina ya auna, kowane atam riƙe da huɗu. A girafait cikin layi ɗaya 1.42 Å ne, wato ma ya fi na daimon matsewa, amma tsakanin layi da layi 3.35 Å. Kada ka ce komai, tambaye su: in za a tsaga wannan abu, ta ina zai tsage? Daga nan su da kansu za su gaya maka abin da ya sa fensir ke rubutu, daimon kuma ke yanka gilashi.

Sauran manhajojin ba sai na ja ba. ChemTube3D na Jami'ar Liverpool ne a Ingila, a burauza yake buɗewa, yana da sashen tsarin daskararrun sinadarai da aka riga aka shirya, ɗalibi zai juya da yatsa a wayarsa. Aibinsa sai da data. Injin da ke ƙarƙashinsa JSmol ne, ɗan'uwan Jmol, wadda Robert Hanson na kwalejin St. Olaf a Amurka ya daɗe yana jagorantar aikinta. Jmol tana da ƙarfi, amma sai ka koyi rubuta mata umarni kafin ka ci moriyarta sosai. Mercury ta cibiyar bayanan kiristal ta Cambridge ce, akwai ta kyauta, kuma ta fi kowacce idan kiristal na molekul kake son nunawa, irin su aidin da sukari da ƙanƙara, inda ake son ganin yadda molekul ke riƙe da ɗan'uwansa. Rumbun cibiyar, wanda Olga Kennard ta kafa a 1965, ya haura tsari miliyan ɗaya a 2019, kuma sun ware wani kaso kyauta don koyarwa. CrystalMaker tana da kyawun hoto, amma ta kuɗi ce, ban ga abin da za ta ba ajinka wanda ya kai kuɗin ba. Shafin Materials Project kuma ka yi hattara da shi a matakinku. Tsarinsa lissafin kwamfuta ne ba awon gwaji ba, lambobin kan ɗan saɓa, kuma sau da yawa yakan ba ka ƙaramin akwati karkatacce wanda bai yi kama da na littafi ba. Daidai ne a ilimance, amma zai rikita yaro.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kowace manhaja tana da ƙaryar da take yi, kuma aikinka ne ka tona ta a gaban aji. Ta farko sandunan da ke haɗa sodiyam da kulorin. Babu su. An sa su ne don ido ya bi layi, amma yaro yana ganinsu sai ya ɗauka irin haɗin da ke cikin ruwa ko iskar mitan ne, ya fara neman "molekul ɗin gishiri". Babu wani kulorin da ya zama abokin wani sodiyam shi kaɗai. Kada ka ga laifin yaron, manya ma sun sha wuya a nan. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence sun gano tsarin gishiri a 1913 ta hanyar hasken eksire, shekara ɗaya bayan Max von Laue ya nuna kiristal na watsa wannan haske, suka karɓi kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25. Duk da haka a 1927 wani dattijon farfesan kemistiri na Ingila, Henry Armstrong, ya rubuta wa mujallar Nature wasiƙa yana fatali da zancen cewa gishiri ba shi da molekul.

Ta biyu girman ƙwallaye. Da ka buɗe gishiri a VESTA za ka ga sodiyam ya fi kulorin girma, don girman atam take ɗauka, ba na ayon ba. A cikin gishiri kuwa sodiyam ya ba da lantarkinsa guda ya tsuke zuwa kusan 1.02 Å, kulorin ya karɓa ya kumbura zuwa 1.81 Å. Shiga Properties ka canza nau'in girman zuwa Ionic. Ni nakan bar shi a karkace da gangan in tambayi aji me ke damun hoton. In ka haɗa lambobin biyu za ka samu 2.83, kusan rabin 5.64 ke nan, wata hujjar kuma ta fito. Launuka ma na aro ne, sodiyam ba rawaya ba ne, kulorin ba kore ba.

Ta uku ita ce kamala. A fuskar kwamfuta kowane atam na zaune cak a wurinsa, babu gurbi, babu baƙo. Kiristal na gaske kullum atam ɗinsa na karkarwa, akwai guraben da babu kowa, akwai baƙin atam da suka kutsa. Waɗannan aibobin su ne ke sa maƙeri ya iya lanƙwasa ƙarfe, kuma ɗan kabon da ya maƙale a tsakanin atam na baƙin ƙarfe shi ke ƙara masa tauri. Ko jimla biyu ce ka faɗa musu wannan.

Kada kuma ka tsaya kan misalan littafi alhali akwai na gida. Baƙin dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi tozali, galena ne, dalma da farar wuta, kuma tsarinsa irin na gishiri ne sak, shi ya sa in an fasa shi yake ballewa dunƙule-dunƙule masu kusurwa. Ka nuna musu tsarin, ka kuma gaya musu gaskiya cewa dalma guba ce, musamman ga jarirai. Kuzar da aka haƙa a Jos ma'adanin kasitarait ne, akwatinsa ba mai gefe daidai ba ne, gefe ɗaya ya fi sauran biyun gajarta, misali mai kyau na cewa ba kowane kiristal ne dunƙulen magi ba. Kanwa kuma akwai ma'adanin torona a cikinta, nasa akwatin a karkace yake. Sannan alam ɗin da ake tace ruwa da shi: narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ka tace, ka rataya ɗan ƙaramin gutsurensa da zare a ciki, ka ajiye inda ba za a girgiza ba. Cikin 'yan kwanaki za a samu kiristal mai fuska takwas. Tambayar da za ta biyo baya, me ya sa fuskokin suka fito sumul ba wanda ya goge su, ita ce za ta mai da su kan ragar.

Game da rashin majigi, laftof ɗaya ta isa idan ka kasa ajin gida-gida. Rukuni ɗaya na kan kwamfuta da tambaya guda a rubuce, ɗaya na kan lemo, ɗaya na kan lissafin densiti, bayan minti goma a yi musanya. Idan makarantar na da talabijin mai kafar HDMI, ta fi ƙaramin majigi haske da rana. Ka yi cajin laftof tun dare, ka rage hasken fuskarta. Kana kuma iya fitar da hotuna daga VESTA, ko ka ɗauki ɗan bidiyon daƙiƙa 20 kana juya tsarin, ka tura a zauren WhatsApp na ɗaliban kwalejin.

A minti biyar na ƙarshen kowane darasi, a rufe komai, kowa ya zana abin da ya gani a takarda, ya rubuta yawan maƙwabta da yawan atam na akwati ɗaya, domin a ɗakin jarrabawa biro da takarda kawai za a ba su. Ka karɓi takardun ka duba kusurwoyi. Wanda har yanzu yake ƙirga na kusurwa a matsayin cikakken ɗaya, shi za ka fara miƙa wa linzamin a darasi na gaba.